Gado Ɗaya, Hajiya Biyu: Yadda Muka Zana Rumbun Bayanan Kamfanin Umara A Shisha

Waɗanda suka kalli bidiyon makon jiya sun ga na buɗe manhajoji huɗu, na zuba masu sunayen maniyyata na gwaji, muka ga wadda ta riƙe da wadda ta zubar. Da yawanku kun tambaye ni inda na samo tsarin teburan da na yi aiki da su. Bidiyo ba zai ɗauki amsar ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta. Amsar kuwa ba a gaban kwamfuta ta faro ba. Ta faro ne a ƙofar wani bene a unguwar Shisha da ke Makka, wajen ƙarfe biyun dare.

Daren da abin ya faru

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da ɗan ƙaramin kamfanin jirgin yawo a Kano. Daga shi sai yaron ofis ɗaya, sai wani Bahaushe mazaunin Makka da ke kama masu masauki. Azumin da ya wuce ya ce in raka shi Umarar goman ƙarshe in riƙe masa lissafi, wai tunda ni ne ɗan boko.

Ya kama hawa uku a wani bene a Shisha. Ɗaki 12, kowanne gado huɗu, gado 48 ke nan. Ɗaki bakwai na mata, biyar na maza. Motar da ta ɗauko mutanenmu daga Jidda ta tsaya, na ƙirga kawuna, 48 cif. Na duba takardar hannuna, suna 48. Na ce alhamdulillahi, yau aiki ya zo da sauƙi.

Na fara kiran suna ina miƙa makulli. Da na zo kan wani suna na kira, sai mata biyu suka amsa. Na sake kira har da sunan mahaifi, suka sake amsawa tare. Ɗaya dattijuwa ce da sanda, ɗayar ba ta wuce shekara arba'in ba. Kowacce da fasfonta, da bizarta, da rasit ɗinta. Gado kuwa ɗaya ne a takarda.

Ga abin da muka gano daga baya. Bayan an gama biza da tikiti, yaron ofis ya ga suna ɗaya sau biyu a fayil ɗin Excel, ya ɗauka kuskuren maimaitawa ne, ya goge layi ɗaya. Sai ya ga gadon mata ɗaya ya rage, ya sayar wa wata da ta zo a makare. A ɓangaren maza kuma mutum ɗaya bai taho ba, bizarsa ba ta fito ba. Shi ya sa jimilla ta yi daidai, babu wanda ya lura. Mata 29 a kan gado 28, ga gado ɗaya zaune a ɗakin maza ba shi da amfanin komai.

Dattijuwar ta zauna a kan jakarta, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, ni dai a nuna min inda zan miƙe ƙafata kafin sahur." Wallahi da ta yi faɗan da ya fi min sauƙi. Ɗanta ne ya yi watanni yana tara kuɗin nan da kaɗan-kaɗan. Kawu ya shiga bene-bene a layin, sai dab da asuba ya samu ɗaki, a farashin goman ƙarshe, daga aljihunsa. Ribar mutum nawa ta tafi a daren, bai faɗa min ba, ni ma ban tambaya ba.

Me ya sa Shisha?

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Shisha tana gabas da Harami, ta ɓangaren Mina, maƙwabciyar Aziziyya da Rauda. Nan ne asibitin Sarki Faisal yake, wanda mutane suka fi sani da asibitin Shisha. Tsakaninta da Harami 'yan kilomitoci ne, sai an hau mota a bi ta ramukan da aka fasa cikin duwatsu. Saboda wannan nisan farashinta ya fi na bakin Harami sauƙi, shi ya sa ƙananan kamfanoni ke son ta a azumi. A lokacin Hajji kuma darajarta ta kusanci da Mina ce da wurin jifa. Wasu kamfanoni sukan fara sauke alhazai kusa da Harami, idan kwanakin Hajji suka gabato su kwaso su su dawo da su Shisha ko Aziziyya.

Wato alhaji ɗaya, a tafiya ɗaya, zai iya kwana a Madina, ya kwana kusa da Harami, ya koma Shisha, ya shiga tanti a Mina, ya sake dawowa Shisha. Ka haɗa da jirgi, da mota, da biza, da kuɗin da ake biya kashi-kashi. Sannan ka tuna girman harkar: a 2024 alhazai sun haura miliyan 1.8, Najeriya kuma an ware mata kujeru 95,000, wani kaso daga ciki na kamfanonin jirgin yawo ne da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ke ba lasisi. Duk wannan ne Kawu ke ƙoƙarin dannawa cikin layi ɗaya na Excel ga kowane mutum.

Fayil ɗin Kawu

Washegari bayan la'asar na buɗe fayil ɗin. Kowane maniyyaci layi ɗaya: suna, waya, fasfo, "ya biya", "saura", ɗaki, jirgi, sai wani gurbi mai suna "bayani" da aka cusa komai a ciki. Launin kore na nufin an gama biya, ja na nufin da saura, ruwan ɗorawa kuwa Kawu ya ce shi ma ya manta. Lambobin waya duk sifilin farko ya faɗi, saboda Excel yana ɗaukarsu lambobin lissafi. Kwanan wata 03/04 ba ka san ko 3 ga Afrilu ba ne ko 4 ga Maris. Fayil ɗin kansa kala uku ne: na wayar Kawu, na kwamfutar ofis, da wanda aka tura wa mutumin Makka ta WhatsApp.

Kada wani ya yi wa Kawu dariya. A watan Oktoban 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta rasa bayanan kusan mutum 16,000 da suka kamu da korona, saboda an zuba sakamakon gwaji a tsohon nau'in fayil ɗin Excel da ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Excel ba shi da laifi. An ɗora masa kayan da ba nasa ba ne.

Rikicin ajiye wa matafiyi wuri ma tsoho ne. Kamfanin American Airlines da kati da hannu yake riƙe kujerun jirgi, har ya haɗu da IBM suka gina Sabre, wanda ya kankama a 1964. A 1970 kuma wani masanin lissafi a IBM, Edgar Codd, ya fito da tsarin da mafi yawan rumbunan bayanai ke bi har yau: a raba bayanai tebur-tebur, a ɗaure su da lambobi. Darasin da ake koya daga aikinsa a taƙaice shi ne, kowane bayani a rubuta shi sau ɗaya, a wuri ɗaya.

Don haka na rufe kwamfuta, na ɗauko takarda da biro. Na ce, "Kawu, ba ni labarin sana'ar nan daga lokacin da mutum ya shigo ofis har ya dawo gida." Yana magana ina rubuta duk wani abu mai suna da ya ambata. Abubuwa shida muka tsayar, su ne ƙashin bayan tsarin.

Na ɗaya: mutum daban, fasfo daban

Suna ba shaida ba ne. A ƙasar Hausa ka kira Aisha Muhammad a taron biki ka ga mutum nawa za su waigo. Ga rubutu kuma: Muhammad, Mohammed, Muhammadu, duk mutum ɗaya ne a takardu uku. Ranar haihuwa ma ba ta raba gardama, tunda dattawa da yawa 1 ga Janairu aka rubuta masu.

Lambar fasfo fa? Ita ma ba za ta zama shaidar dindindin ba, domin fasfo yana ƙarewa, wani shekara biyar wani goma, sabon kuma da sabuwar lamba yake zuwa. Wanda ya yi Umara da kai bana ya dawo bayan shekara uku da sabon fasfo, shi ne dai mutumin.

Saboda haka tebur biyu muka yi. Teburin Mutane, inda rumbun da kansa ke ba kowa lambar da ba ta canzawa kuma ba a maimaita ta. Sai teburin Fasfo, kowane fasfo yana ɗaure da lambar mai shi, da ƙasar da ta bayar, da ranar ƙarewa. Ƙasa tana da muhimmanci, domin Kawu yana da mutane daga Maraɗi da Damagaram. Sunan da ke teburin Fasfo kuma ba da ka ake rubuta shi ba, daga layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto ake kwafe shi, masu harafi 44 kowanne, domin su na'ura ke karantawa. A can babu ƙ, babu ɗ. Sunan da ake kiran mutum da shi a gida, da ƙugiyoyinsa da inkiyarsa, yana teburin Mutane. Tunda Saudiyya na buƙatar fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, rumbun yana fito da jerin waɗanda nasu ya kusa ƙarewa tun kafin a karɓi kuɗinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da wannan tsarin, Hajiyoyin nan biyu lamba biyu ne, fasfo biyu, rasit biyu. Ko yaron ofis ya so goge ɗaya, rumbun zai ƙi, ya ce akwai kuɗi da biza da ke ɗaure da wannan lambar.

Na biyu: mai biya daban, mai tafiya daban

A sana'ar nan wanda ya biya sau da yawa ba shi ne zai tafi ba. Ɗa ya biya wa uwa, miji ya biya wa matansa, attajiri ya biya wa limamin unguwa da mutum goma. Idan layi ɗaya ne ga kowane mutum, ina za ka rubuta miliyoyin da Alhaji ya turo a dunƙule na mutum goma?

Sai muka yi teburin Rajista. Rajista ɗaya tana da mai biya ɗaya, da irin tsarin da aka saya, misali "goman ƙarshe, Shisha, ɗakin mutum huɗu", da farashin da aka yi ciniki a ranar. A ƙarƙashinta akwai teburin Matafiya, wanda ke cewa wane da wance suna cikin rajista kaza. A nan ne muke rubuta wanda ke tare da wa: wannan mijin wannan ce, wannan muharraminta ne, wannan 'yar rakiyar tsohuwa ce, kada a raba su mota ko ɗaki. A nan kuma muke rubuta mai buƙatar keken guragu ko ɗaki kusa da lifta.

Farashin da aka yi ciniki a kai a cikin rajistar ake kwafe shi ya zauna. Idan gobe Kawu ya ƙara kuɗin tsarin, na wanda ya riga ya yi ciniki ba zai motsa ba.

Na uku: abin da kake sayarwa gado ne a dare

Wannan shi ne zuciyar maganar. Na tambayi Kawu, "Me kake sayarwa a Shisha?" Ya ce ɗaki. Na ce a'a, mutum huɗun da ke ɗakin ai ba su san juna ba. Ya ce to gado. Na ce saura kaɗan. Gadon da wata ta kwana a kai daren 21 ta wuce Madina, wata ce za ta hau shi daren 25. Abin da ke cikin shagonka shi ne gado kaza a dare kaza. Gado 48 sau dare goma, kaya 480 ke nan a kan kanta, kowanne sau ɗaya tak ake sayar da shi.

Tebura huɗu suka fito daga nan: Masauki, Ɗaki, Gado, da Kwana. Ɗaki yana ɗauke da hawa da kuma na su wa ne a wannan tafiyar: maza, mata, ko iyali. Teburin Kwana kuwa abu uku ne a kowane layi: gado, dare, matafiyi. A kansa muka ɗora ƙa'idar da ta fi komai daraja a duk aikin, layi ɗaya ce a yaren SQL:

UNIQUE (gado, dare)

Ma'anarta, ba za a taɓa samun layi biyu masu gado ɗaya da dare ɗaya ba. Ba gargaɗi ba ne da za a danna a wuce. Rumbun ne zai ƙi karɓa. Ko Kawu a Makka da yaron ofis a Kano sun danna a daƙiƙa ɗaya, ɗaya ne zai shiga, ɗayan a ce masa an riga shi. Muka ƙara ƙa'ida ta biyu, matafiyi ɗaya ba zai riƙe gado biyu a dare ɗaya ba, da ta uku, ba a sa namiji a ɗakin mata ko mace a ɗakin maza.

Yanzu tambayar ba "mutum nawa, gado nawa" ba ce, wadda ta yaudare ni a ƙofar bene. Tambayar ita ce, akwai matafiyin da ke da wani dare ba shi da gado? Rumbun yana amsa ta nan take, tun ana Kano. Haka idan wata ta ce za ta ƙara kwana uku, ana dubawa za a ga ko gadonta na wata ne a waɗannan dararen. Kujerar jirgi da ta mota ma haka muka yi masu: kowace tafiya zango-zango ce, Kano zuwa Jidda, Jidda zuwa Makka, Makka zuwa Madina, kowane zango da adadin da ba a wuce shi.

Na huɗu: ba a goge kuɗi

A fayil ɗin Kawu, idan mutum ya ƙaro kuɗi sai a goge tsohuwar lamba a gurbin "ya biya" a rubuta sabuwa. Ranar da gardama ta tashi babu abin nunawa. Mun cire wannan gurbin gaba ɗaya, har da na "saura". A madadinsu akwai teburin Biya: kowane kuɗi da ya shigo layinsa daban, da rana, da adadi, da hanyar da ya zo, da wanda ya karɓa. Idan an yi kuskure ba a gogewa, sabon layi ake yi na warwarewa. Mayar da kuɗi ma layi ne. Saura kuwa rumbun ne ke lissafa shi duk lokacin da aka tambaya.

Sai maganar canji. Kawu naira yake karɓa, riyal yake kashewa. Riyal a ɗaure take da dala, 3.75 a dala ɗaya, tun 1986. Naira kuwa kun san labarinta: kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A watan Maris na 2024 NAHCON ta nemi maniyyatan da suka riga suka biya su ciko kusan naira miliyan 1.9 kowanne. Wanda bai rubuta canjin ranar da kuɗi ya shigo da na ranar da ya biya mai bene ba, ba zai san ko riba yake ci ko uwar kuɗi ba. Shi ya sa kowane layi na kuɗi yana ɗauke da nau'in kuɗin da canjin ranar. Ga masu rubuta manhaja kuma: ku ajiye kuɗi a kwabo da halala, cikakkiyar lamba, kada ku yi amfani da nau'in lamba mai yawo da ɗigo, domin yana cin 'yan kwabbai a lissafi.

Na biyar: lokaci kala uku ne

Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. Jirgin da ya tashi Kano ƙarfe goman daren Litinin, bayan kimanin awa biyar, zai sauka Jidda wajen biyar na asubahin Talata a agogon can. Mutanenka za su iso Shisha da hantsi, alhali yawancin masaukai sai bayan azahar ko la'asar suke ba da ɗaki. To daren Litinin ɗin za ka kama, ko za su zauna a ƙasa da jakunkuna? Tsarin sai ya tilasta maka amsa wannan tun kana gida.

Ga kuma kalandar Musulunci. Maniyyaci "goman ƙarshe" ya saya, mai bene da kamfanin jirgi kuwa da kwanan watan Bature suke aiki. Daren 21 yana shiga ne da magaribar ranar 20. Wata shekarar kuma ranar da Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata a Sakkwato ba ita ce ta Saudiyya ba. Abin da muka yi shi ne, rumbun yana ajiye kwanan watan Bature kaɗai, kowane lokacin jirgi da agogon garinsa a manne. Kwanan watan Musulunci nunawa kawai ake yi a gefe, bisa lissafin Saudiyya. Idan wata ya yi nuƙusani, dare ɗaya ake gyarawa, ba fayil gaba ɗaya ba.

Na shida: biza tarihi ce

"Biza: eh ko a'a" bai isa ba. An karɓi fasfo, an tura, ta fito, an ƙi, an sake turawa, kowane mataki layinsa da rana da wanda ya yi. Rumbunka ba shi ne hukuma ba. Hukuma ita ce Ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya da dandalinta na Nusuk da aka ƙaddamar a 2022, kuma tun Hajjin 2024 sai da katin Nusuk ake shiga wuraren ibadar Hajji. Aikin naka rumbun shi ne ya riƙe lambar da aka ba ka daga can, da nau'in bizar.

Nau'in biza ba ƙaramin gurbi ba ne. A Hajjin 2024, da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, wato ba tanti, ba mota. Allah Ya jiƙansu. Don haka muka sa ƙa'ida: ba a ɗaura mai bizar ziyara ko ta Umara a tsarin Hajji. Manhaja ba ta sa wa mutum tsoron Allah, wanda ya yi niyyar cuta zai zagaye ta. Amma tana hana mai gaskiya yin kuskure, kuma tana barin sawu.

To wace manhaja?

Gwajina ɗaya ne a kan dukkansu: in sa mata biyu a gado ɗaya a dare ɗaya, in ga wa zai hana ni.

Excel bai hana ni ba. Za ka iya sa masa sharaɗin tantancewa, amma da na kwafo layi na manna sai ya wuce. Ga matsalar fayil kala-kala. Wurin lissafi da fitar da rahoto dai har yanzu gwani ne.

Google Sheets ya kashe matsalar fayil uku, kowa abu ɗaya yake gani, kuma yana riƙe tarihin wanda ya canza abu. Amma ɗaurin tebur da tebur dabara ce kake haɗawa da hannu, mutum ɗaya ya taɓa inda bai kamata ba ta warware.

Airtable ya fi su fahimtar ɗauri, yana da kyau a waya, yaron ofis zai koya a yini ɗaya. Sai dai a gwajina ya bar ni na maimaita gadon, sai da na gina masa abin da zai nuna min ja daga baya. A lokacin da na gwada, tsarin kyauta layi 1,000 yake ɗauka. Tafiya ɗaya ta Kawu ta cinye 480 a teburin Kwana kaɗai. Na kuɗin kuma da dala ake biya, kowane ma'aikaci, kowane wata.

PostgreSQL, wanda ya samo asali daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun 1986, shi kaɗai ya ce min a'a kai tsaye. Kyauta ne. Aibinsa, ba shi da fuskar da Kawu zai iya kallo, sai na ɗora masa NocoDB, wanda ke nuna teburan kamar Excel. Yana buƙatar saba da ake biya duk wata, da wanda ya san kan abin.

Hukuncina: idan mutanenka ba su wuce mota ɗaya ba a shekara, Google Sheets da tebura a rarrabe zai riƙe ka, in ka kiyaye. Idan kana da ma'aikaci fiye da ɗaya da ke sayar da gado, ko kana da mutane a masauki fiye da ɗaya, ka nemi mai gina maka a kan PostgreSQL. Kowanne ka zaɓa, zanen takardar nan ne farko. Manhaja mai tsada a kan gurguwar zane, rikicin ne dai a cikin sabuwar riga.

Amana

Abu biyu kafin in rufe. Na farko, rumbun nan cike yake da fasfo, da hotuna, da lambobin waya, har da bayanin rashin lafiyar mutane. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma ko babu doka, amana ce. A daina watsa hotunan fasfo a zaurukan WhatsApp. Kowane ma'aikaci da lambar sirrinsa, direba jerin suna da lambar mota kawai yake buƙata, ba ya buƙatar sanin wanda ake bi bashi. A riƙa ajiye kwafin rumbun kullum a wani wuri daban, kuma a gwada dawo da shi ko sau ɗaya, don a tabbatar yana aiki.

Na biyu, ka buga jerin ɗakuna da na motoci a takarda kafin kowane zango. Cikin cunkoso intanet takan yi nauyi, waya takan mutu, takarda ba ruwanta da caji.

Ranar da na gama haɗa tsarin, bayan mun dawo Kano, na miƙa wa Kawu kwamfutar na ce ya sa Hajiyoyin nan biyu a gado ɗaya. Ya gwada, ta ƙi. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Ya kira yaron ofis ya ce ya goge ɗaya daga cikinsu, nan ma ta ƙi. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, wannan abin ya fi ni taurin kai." Na ce, "Kawu, abin da muka gina shi ya yi ke nan."

Dattijuwar nan kuwa ɗanta ya kira bayan Sallah ya ce tana gaishe mu, ta ce ta yafe. Layinta yana nan a teburin Mutane da lambarta ita kaɗai.

A bidiyo na gaba zan nuna yadda ake kafa teburan nan ɗaya bayan ɗaya, daga Mutane har Kwana, da bayanan gwaji, ba na mutanen Kawu ba. Masu wannan sana'a, akwai abin da ban warware ba tukuna: yaro ƙarami da ke da kujerar jirgi amma yana kwana gado ɗaya da mahaifiyarsa, ya kuke rubuta shi? Ku gaya min yadda kuke yi. Sai mun haɗu, Allah Ya kai masu niyya, Ya karɓi ibadar waɗanda suka je.